Jini ne ko tarbiyya ke sa kare cizo?

Baban Khadija: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ɓarayi sun addabi layinmu a nan Kaduna, suna haura katanga cikin dare suna kwance batirin mota da na sola. Na yanke shawarar ajiye kare. Mai sayarwa ya nuna min 'yan kwikwiyo iri uku, Kokeshiyan da Rotwaila da Bowabul, ya ce duk wanda na ɗauka ɓarawo ba zai ƙara leƙo gidana ba. To amma ina da ƙananan yara, ga 'ya'yan maƙwabta da ke shigowa wasa, ga almajirin da ke mana aike. Uwargida hankalinta bai kwanta ba. A cikin ukun nan wanne ya fi zafin rai, wanne ya fi haƙuri da yara? Kuma da gaske ne akwai irin da faɗa a jininsa yake, komai tarbiyyar da ka ba shi?

Mai Kiwo Jos: Wa alaikumus salam yallaɓai. Sana'ata ke nan, kuma abin da na gani shi ne kare yadda ka raine shi haka yake tashi. Ina da Rotwaila namiji a gida, yarana har bayansa suke hawa, ko gurnani bai taɓa yi musu ba. Ka ɗauki wanda ya kwanta maka a rai tun yana ƙarami, ka ciyar da shi da hannunka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Anti Nas: Ɗan'uwa mai kiwo, ka yi haƙuri, ban yarda da kai ba. Ni a sashen gaggawa nake aiki, mu ake kawo wa abin da ya biyo baya. Cizon karen unguwa yawanci huji ne biyu ko huɗu a sharaɓa ko a cinya. Ya kai cafka, ya saki, ya gudu. A wanke, a yi allura, yaro ya koma gida. Amma ranar da aka kawo yaron da babban karen gadi ya kama, ba sai an faɗa maka ba. Ba huji ba ne, yaga ce. Karen ya riƙe ya girgiza kai, naman kumatu ya rabe, kunne na reto da 'yar fata. Kuma da yake tsayin yaro daidai yake da bakin karen, a fuska da wuya abin yake sauka. Maganar da na fi ji daga bakin iyaye a wurin ita ce, "wallahi bai taɓa yi ba." Don haka wannan "bai taɓa ba" ni ba ta kwantar min da hankali. Kuma don Allah ka hana yaranka hawa bayansa.

Mai Kiwo Jos: Anti, waɗanda ake kawo miki ai waɗanda aka samu matsala ne kawai. Dubban gidajen da ke zaune lafiya da karnukansu ba sa zuwa asibiti.

Anti Nas: Haka ne. Amma uban da ke tambayar nan yaransa ne zai sa a ciki, dole ya san mafi munin abin da zai iya faruwa.

Dakta Maman Ilham: Sannunku, ni likitar dabbobi ce. Ina ganin abu biyu ne aka haɗa waje ɗaya, shi ya sa ku biyun kuke da gaskiya kuma kuke ja da juna. Na farko, wane kare ne ya fi saurin kai cizo. Na biyu, idan ya ciza, ɓarnar me zai yi. Amsoshinsu ba ɗaya ba ne.

A 2008 masu bincike a Jami'ar Fensilbeniya ta Amurka sun tattara bayanan dubban masu karnuka kan halayen iri fiye da talatin. Waɗanda suka fito a sama wajen kai wa mutane cizo, baƙo ko mai gida, ba manyan nan ba ne. Ƙanana ne: Dakshun mai gajerun ƙafafu, da Ciwawa, da Jak Rasal. Akita da Fitbul sun fito a sama, amma a faɗa da sauran karnuka. To me ya sa ba ma jin labarin Ciwawa ya kashe mutum? Don nauyinsa bai cika wuce kilo 3 ba. Namijin Rotwaila yana kai wa kilo 50, namijin Kokeshiyan daga kilo 50 yake farawa, Bowabul ma yakan haura 60. Mai keke zai iya fin direban tirela yawan buge mutane a layi, amma kowa ya san wanda ake zuwa ta'aziyya a kansa.

Sai kuma wani babban bincike da mujallar Science ta buga a 2022, ƙarƙashin jagorancin Elinor Karlsson. An tambayi masu karnuka sama da 18,000, an kuma duba ƙwayoyin halittar karnuka sama da 2,000. Suka gano cewa irin kare yana bayyana kusan kashi 9 cikin ɗari ne kacal na bambancin hali tsakanin wannan kare da wancan. Inda iri ya fi tasiri shi ne wajen biyayya, wato saurin karɓar umarni. Inda ya fi gazawa kuma shi ne daidai abin da Baban Khadija ke tambaya: saurin tunzura idan an tsorata kare ko an takura shi. A nan, sanin sunan iri kusan bai gaya maka komai ba game da wannan kwikwiyon da ke gabanka.

Amma kada wani ya ɗauki wannan ya ce jini ba komai ba ne. Binciken da kansa ya nuna ana gadon hali. Abin da yake faɗa shi ne, gadon daga uwa da uba yake zuwa, ba daga sunan da aka rubuta a takardar mai sayarwa ba.

Injiniya Bello Road: Dakta, ranki ya daɗe, to idan iri ba shi da wani tasiri, me ya sa 'yan sanda da sojoji ba sa ɗaukar Lasa, ɗan ƙaramin karen nan mai gashi, su yi sintiri da shi? Kullum Jaman Shefad ne ko Malinuwa.

Dakta Maman Ilham: Tambaya mai kyau, Injiniya. Don suna neman ƙarfi da juriya da hanci da biyayya, kuma waɗannan iri na da hannu a ciki. Jaman Shefad tun 1899 Max von Stephanitz ya kafa shi a Jamus a matsayin karen aiki, asalinsa kiwon tumaki. Amma ko a cikinsu ba kowanne ake ɗauka ba. Ana gwada su ɗaya bayan ɗaya, da yawa suna faɗuwa, kuma mai tsoro ko mai cizo ba dalili yana cikin waɗanda ake fara cirewa. Da iri ya wadatar, da ba a sha wahalar gwaji ba.

Yaya na Bamingham: Bari in kawo muku yadda abin yake a nan Ingila, don nan ba a tsaya jiran masu bincike ba. Tun 1991 aka yi dokar karnuka masu haɗari, ta haramta iri huɗu: Fitbul, Tosa na Japan, Dogo Ajantino da Fila na Brazil. Daga baya wani ƙaton kare da ake kira XL Bully ya yi ta kashe mutane, har da yara, wasu ma a cikin gidajen masu shi. Gwamnati ta ƙara shi a jerin. Daga 1 ga Fabrairu 2024 laifi ne ka mallake shi a Ingila da Wales sai da takardar izini, kuma dole a yi masa dandaƙa, in za ka fita da shi sai da takunkumi a baki da igiya a wuya. Ni dai ina goyon baya. Kare da aka samo daga zuriyar karnukan da ake haɗawa faɗa, sannan aka ƙara masa girma da gangan, ba abin ajiyewa kusa da yaro ba ne. Hali zanen dutse.

Dakta Maman Ilham: Yaya, tarihin da ka taɓo gaskiya ne. Kakannin Fitbul a Ingila ana sa su kama bijimai don 'yan kallo, da aka hana wannan a 1835 sai aka koma haɗa su faɗa da junansu. Kuma wani rahoto da ya duba mace-macen cizon kare a Amurka daga 1979 zuwa 1998 ya samu Fitbul da Rotwaila a fiye da rabinsu. Ban musa ba. Amma dubi wani ɓangaren. Holand ta haramta Fitbul a 1993, ta janye haramcin a 2008 don an ga cizon bai ragu ba. Italiya ma ta soke jerin irin karnuka masu haɗari a 2009, ta mayar da alhakin kan mai kare. Dalili kuwa, mutumin da yake son kare don tsoratar da jama'a, in ka hana shi wannan iri sai ya koma wani.

Sai dai ga abin da ya shafi mai tambaya kai tsaye. Denmak a 2010 ta haramta iri 13, kuma biyu daga cikin ukun da aka nuna wa Baban Khadija suna ciki: Bowabul da Kokeshiyan.

Baban Khadija: Inna lillahi. Mai sayarwar ko kusa bai faɗa min haka ba. Dakta, to shi Kokeshiyan ɗin mene ne asalinsa? Shi ya fi burge ni, kwikwiyon kamar ɗan tunkiya.

Dakta Maman Ilham: A duwatsun Kokeshiya aka samo shi, wajajen Jojiya da Armeniya da kudancin Rasha. Aikinsa ya kwana da garken tumaki a kan dutse cikin sanyi, ya kori kyarkeci da ɓarawo, ba tare da wani ya ba shi umarni ba. Wato an zaɓe shi ne ya riƙa yanke hukunci da kansa, ya kuma ɗauki duk baƙo a matsayin barazana har sai ya ga akasin haka. Wannan hali a kan dutse alheri ne. A gida mai ƙofa ɗaya, da almajiri ke turo ƙyaure da kwano a hannu, da 'ya'yan maƙwabta ke bin 'yarka da gudu tana ihun wasa, shi ne zai yanke hukuncin wa ke wasa wa ke kai hari. Ga kuma gashinsa. Ka tuna zafin Maris da Afrilu a Kaduna. Ana kawo min su harshe waje, fata duk ƙuraje a ƙarƙashin gashi, kaska cike da kunne. Karen da ke cikin ciwo da zafi haƙurinsa kaɗan ne, kowane iri ne shi. Ga wanda bai taɓa riƙe kare ba, ba zan ba shi shawarar ko ɗaya cikin ukun ba, kuma Kokeshiyan ne na farkon da zan cire.

Baba Mafarauci: Salamu alaikum. Jikana ke karanta min, shi kuma yake rubuta abin da na faɗa. Mu waɗannan sunaye ba mu san su ba, namu na gida ne, ja da baƙi da mai roɗi. Amma maganar likita ta cewa gado daga uwa da uba ne, wannan ita muka tarar iyayenmu na yi. In ina son kwikwiyo ba shi nake kallo ba, uwarsa nake kallo. Zan je gidan da rana, in yi sallama, in zauna a gefe kamar ba ita ta kawo ni ba. Karya mai hankali za ta yi haushi, mai gidan ya yi mata magana ta yi shiru, ta zo ta shinshina ni ta koma ta kwanta. Wannan 'ya'yanta nake so. Amma wadda ta shige ƙarƙashin rumbu, wutsiya a matse, tana yaƙe haƙora tana karkarwa, ko kyauta aka ba ni ɗanta ba na karɓa. Matsoracin kare shi ke cizon mutum.

Kuma ku sani, zafin kare a kan nama daban, zafinsa a kan mutum daban. Ina da wanda zai tari gyado gaba da gaba ba ya ja da baya, ya dawo gida jikokina na jan kunnensa yana lumshe ido. Farautar rani mutane da yawa ake fita, kowa da karnukansa. Karen da ke cizon mutane ko yana tare 'yan uwansa da faɗa ba shi da amfani a dawa, ɓata farauta yake yi, ba ma barinsa ya hau karya.

Dakta Maman Ilham: Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da muke koyar wa ɗalibai ke nan. Bin abin farauta, da faɗa da kare ɗan'uwansa, da tsaron gida, da cizon tsoro, da rowar abinci, kowanne hanyarsa daban, kare na iya samun ɗaya bai da sauran. Shi ya sa kalmar "mai faɗa" ita kaɗai ba ta isa a sayi kare da ita ba. Faɗa da wa, a wane hali?

Abu ɗaya kawai zan roƙa, Baba: ko da yana lumshe ido, a hana jikoki jan kunnen. Ranar da kunnen ke ciwo ba za su sani ba.

Ɗan Tawa: Gaisuwa daga Nijar. Mu nan arewacin Tawa, wajen Abalak, akwai karen Buzaye da Turawa suka sa wa suna Azawak, da sunan yankin. Dogo ne siriri, haƙarƙari a waje, yana kamo zomo da barewa da gudu. In ka iso zango baƙo, tun daga nesa za su taso maka su da yawa, ba ka sauka sai mai zangon ya fito. Ba ya son baƙo ya taɓa shi, ko ka kwana a wurin zai kau da kai ne ya ba ka wuri. Amma da mutanen gidansa, har da yara ƙanana, lafiya lau, tare suke kwana bakin tanti. Abin lura, ba a ɗaure shi. Tun yana kwikwiyo cikin mutane da awaki da raƙuma yake. An kai irinsa Turai tun shekarun 1970, can ma an san shi da ƙin sakin jiki da baƙo. To kun ga wannan jini ne. Amma rashin cizon na gida, zama tare ne ya kawo shi.

Mai Kiwo Jos: Ɗan Tawa ya taɓo inda ke min ciwo. Bari in faɗi gaskiyar kasuwarmu. Mafi yawan masu zuwa saye tambayarsu ta farko ita ce wanne ya fi mugunta. Sai mutum ya kai shi gida, a gina masa ɗan keji na bulo da rufin kwano a bayan gida, ƙofar ƙarfe, ba ya ganin kowa sai mai gadi da ke tura masa kwano da sanda. Wai kada ya saba da mutane. Ya wuni cikin zafi da kashinsa, sai sha ɗayan dare a buɗe shi. Na ga masu zuba masa barkono a abinci, na ga masu sa yara su riƙa dukan ƙofar kejin wai don ya yi zafi. Wannan karen ai bai san matar gidan ba, bai san yaran gidan ba. Ranar da aka manta ba a rufe sakata ba, ko yaro ya fito fitsari da asuba, shi a wurinsa ɓarawo ne. Sai a ce Rotwaila mugun iri ne.

Dakta Maman Ilham: Wannan da ka faɗa akwai alƙaluma a kansa. A 2013 mujallar ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta buga nazarin mutuwar mutum 256 da kare ya kashe daga 2000 zuwa 2009. A kusan kashi 87 cikin ɗari babu wani babba mai ƙarfi a wurin da zai kawo ɗauki. A kusan kashi 84 ba a yi wa karen dandaƙa ba. A kusan kashi uku cikin huɗu kuma karen irin wanda aka ware ne, yana harabar gida amma ba ya mu'amala da mutanen gidan. Shi kuwa irin karen, a ƙasa da kashi 20 ne aka iya tabbatar da shi da hujja.

Amma mai kiwo, ku ma akwai naku. Ana sayar da kwikwiyo yana da mako huɗu don a yi saurin karɓar kuɗi. Ya kamata ya kai mako takwas wurin uwarsa, don a nan ne yake koyon sassauta cizo: ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya daina wasa da shi. Kuma daga mako uku zuwa wajen sha biyu ko sha huɗu, abin da kwikwiyo ya saba da shi a lokacin shi zai ɗauka a matsayin abin duniya na yau da kullum. Wanda bai ga yaro ba, bai ga mace da hijabi ba, bai ji ƙarar babur ba a wannan tsakanin, zai iya tashi yana tsoronsu. Ga haɗa uba da 'yarsa don kada a biya kuɗin barbara a waje.

Mai Kiwo Jos: Wannan gaskiya ne Dakta, ana yi. Shi ya sa nake ce wa mai saye ya zo gida ya ga uwar da idonsa. Wanda ya ce maka ku haɗu a bakin titi ya miƙo maka kwikwiyo a kwali, ka bar masa abinsa.

Injiniya Bello Road: Ni fa har yanzu akwai inda ban gamsu ba. Mutumin nan gadi yake nema, ba abokin wasa ba. In kare ya saba da kowa, almajiri ya shafa shi, maƙwabci ya shafa shi, ranar da ɓarawo ya diro ai kaɗa masa wutsiya zai yi.

Baba Mafarauci: Ɗana, kare ya san rana ya san dare, ya san mai shigowa ta ƙofa da mai dirowa ta katanga. Kuma ɓarawon batir ba haƙori yake tsoro ba, tonon asiri yake tsoro. Kare ya yi haushi, mai gida ya tashi, maƙwabta su haska fitila, shi ke nan aiki ya ɓaci. Namu na gida kuwa babu wanda ya fi su kunne. Ga shi tuwo da ƙashi ya ishe su, zafi ba ya kayar da su.

Injiniya Bello Road: Baba, na ji wannan. Amma girma ma na da nasa amfani. Wanda ya leƙo ya ga kare kamar maraƙi zai sake tunani tun kafin ya hau katangar.

Anti Nas: Injiniya, ɓarawo wataƙila sau ɗaya zai zo a shekara, wataƙila ma ba zai zo ba. Yaran kullum suna gidan.

Malam na Ƙofar Mata: Bismillah. Tunda babu wanda ya taɓo wannan ɓangare, bari in sa baki kaɗan. Hadisi ya yi izinin riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kai idan akwai buƙata ta gaske. Ana ruwaito cewa Ibn Abi Zaid na Ƙairawan ya ajiye kare da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi hakan, sai ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. Amma izini yana tafe da nauyi. Malaman fiƙihu sun yi magana a kan kare mai cizo, cewa mai shi yana ɗaukar lamunin ɓarnar da ya yi idan ya san halinsa ya yi sakaci. Ɗan maƙwabci da almajiri suna da haƙƙi. Ita ma dabbar tana da haƙƙi. Mun san hadisin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba. Mai kejin kwano a rana ya yi wa kansa hisabi.

Baban Khadija: Allah ya gafarta Malam, na gode. Na gode muku duka. Yanzu hankalina ya fi karkata ga na gida, ko dai matsakaici wanda zan je in ga uwarsa. Amma Dakta, ko wanne na ɗauka, ta yaya zan gane yana gab da cizo? Ni ban san komai a kansu ba.

Dakta Maman Ilham: Da wuya kare ya ciji mutum bai yi gargaɗi ba, mu ne ba ma karantawa. Ka lura da shi lokacin da yaro ya matso. Zai fara lasar leɓe ba abinci a gabansa, ko ya yi hamma ba barci yake ji ba. Zai kau da kai gefe amma ido na kan yaron, har ka ga farin idon. Kunnuwa su kwanta baya. In ya tashi ya bar wurin, a ƙyale shi, kada yaro ya bi shi. Mafi haɗari shi ne ya sandare, baki a rufe, jiki ya yi tauri, numfashi kamar ya tsaya. Daga nan sai gurnani, sai cafka. Kaɗa wutsiya ma ba kullum murna ba ce. In ta miƙe sama tana rawa da sauri a sandare, a ja baya.

Kuma kada ka doke shi don ya yi gurnani. Gurnani magana ce, yana cewa an takura masa. In ka hana shi da bulala, takurar tana nan, gargaɗin ne kawai ka cire, gobe sai ya ciza ba sanarwa. Ka janye yaron, sannan ka nemi abin da ya jawo.

Dokokin gida kuma: ba a zuwa wurinsa yana cin abinci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa. Ba a rungumar wuyansa. Ba a barin ƙaramin yaro da kare su kaɗai, ko na minti ɗaya, ko wane iri ne.

Yaya na Bamingham: Dakta, da gaske ne Fitbul in ya kama, muƙamuƙinsa kullewa yake yi?

Dakta Maman Ilham: A'a Yaya, ƙirar muƙamuƙinsa ɗaya ce da ta sauran karnuka, babu wani makulli. Naci ne da ƙin saki, kuma wannan nacin shi aka zaɓa a kakanninsa.

Anti Nas: Kafin a watse, akwai zafin da ba ruwansa da iri ko tarbiyya, kuma a ƙasarmu shi ya fi kisa: ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kare mai haƙuri ya canza hali rana ɗaya, yana cizon duk abin da ya gani, yawu na dalala, ko kuma mai kuzari ya yi laƙwas muƙamuƙi a sake, kada a ce zafin rai ne. Wanda aka ciza ko aka yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti ranar, a fara allura. Kada a tsaya shafa magani ana jiran a gani. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Na ga yaron da ke kukan ƙishirwa, ana miƙo masa kofi yana ƙanƙamewa yana ture shi.

Baba Mafarauci: Allah ya kiyaye. Likita, mu namu suna shiga dawa suna haɗuwa da dila da sauran namun daji. Wannan allura ta karnuka daga wane lokaci ake fara ta, kuma ina ake samu? A ƙauyenmu ba a cika zuwa ba.

Dakta Maman Ilham: Daga wata uku da haihuwa, Baba, sannan a riƙa maimaitawa duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Filato tana yin allurar, ana kuma samunta a asibitocin dabbobi na jiha. Ku haɗu ku mafarautan garin, ku je ofishin malaman dabbobi na ƙaramar hukumarku ku sa rana ɗaya kafin a fara fita farautar rani, kowa ya kawo nasa. In aka yi wa bakwai cikin kowane goma na karnukan gari, cutar ba ta samun hanyar yawo. Ku tabbata an zo da maganin cikin akwatin ƙanƙara, don zafi na lalata shi, kuma kowane kare a ba mai shi katin shaida da kwanan wata.